Kafin ka zuba riyal 20,000 a kan kayan sauti

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sipika da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) na riyal 20,000 sun cancanci kuɗinsu a falonka na Jidda. Shawarata, dakata tukuna, fara da gyaran ɗakin.

Gidajenmu na nan galibi tayil ne a ƙasa, bango siminti, ga na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani dare da rana. A irin wannan falo sauti kan bugi bango ya dawo, muryar mai karatu ko mawaƙi ta cakuɗe, komai tsadar sipikar. Shimfiɗa kafet mai kauri, rataya labule, janye sipikun kaɗan daga bango, ka zauna tsakiyarsu, za ka ji bambanci.

Idan za a kashe kuɗi, a sipika ya dace. Amfilifaya kuwa, Yamaha ko Denon mai matsakaicin farashi ya wadatar. Wayoyin haɗa sipika masu tsadar gaske, kunne ba ya bambanta su da wayar jan ƙarfe mai kauri. Leƙa Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ka nemi na hannu, ka je da waƙar da ka haddace ka saurara kafin ka biya.

In za ka tafi da su Najeriya, lantarkin nan 60 Hz ne, na can 50, sai ka bincika abin juya faifai da kyau in kana da shi, domin wannan bambancin na iya sauya saurin juyawarsa.