Amsa: Me ya sa tauraro ɗaya ke da A, B da C?

Malam, ka tambayi dalilin rubuta Alfa Sentauri A, B da C, alhali ido tauraro ɗaya yake gani. To, ido ne ya yaudare ka; taurari uku ne.

Bisa al'ada, mafi haske shi ke karɓar A, abokan zamansa su bi baya. A da B suna kewaya juna, zagaye guda cikin kusan shekara 80, sai da madubin hangen nesa ake raba su. A ana kiransa Rigil Kentaurus. Ɗalibin Larabci zai gane "rijl", wato ƙafa. B kuwa Toliman.

C shi ne abin sha'awa. Ɗan ƙarami ne, ja, ido ba ya ganinsa ko kaɗan, sai a 1915 masanin taurari Robert Innes ya gano shi a Johannesburg. Sunansa Proxima, kuma duk cikin taurari shi ya fi kusa da rana. Can gefe yake yana kewaya A da B, zagayensa guda ya kai wajen shekara 500,000. Wannan tazara ce ta zaunar da gidan lafiya: da ukun sun cunkushe wuri ɗaya, jan junansu zai iya cilla ɗaya waje.