Filin Tambaya da Amsa: Ranar da Gani Ya Kori Ji a Yantala

Wasiƙun wannan wata kusan duka a kan abu guda suka taru: kas na kunne, ampili (na'urar ƙara wa sauti ƙarfi), da ƴan na'urorin kiɗa na aljihu. Da alama labarin zaman gwada kayan sauraro da muka yi a unguwar Yantala ta Yamai ya zaga gari. Na ɗauki huɗu daga ciki, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Daga wani malamin makaranta a Tawa: Malam, an ce kun taru a Yamai kun gwada manyan kayan sauraro. Na tara jika 300, ina so in sayi na'urar aljihu irin Astell&Kern ko FiiO, don an ce salula tana ɓata sauti. Kas ɗina na kasuwa ne, jika 5 na saye shi. Wace za ka zaɓa mini?

Malam, Allah ya ƙara buɗi. Kafin in zaɓa maka, saurari abin da ya faru ranar, don amsarka tana cikinsa.

Wata Asabar ce bayan azahar, mu tara, a falon wani Alhaji ɗan kasuwa mai yawan zuwa Dubai. Kowa ya shigo da nasa a naɗe cikin jaka, ana buɗewa a hankali kamar kayan lefe. Alhaji ya ajiye kas ɗin Sennheiser HD 800 S da na'urarsa ta Astell&Kern. Wani likita da ya yi karatu a Faransa ya zo da Focal. Akwai HD 650, akwai Audeze LCD-2, akwai Beyerdynamic DT 770, ga wani ampili mai fitilun gilashi da ke jan wuta kamar garwashi, ga ɗan ƙaramin ampili na Chord Mojo na Ingila. Ni kuwa tsohon Sony MDR-7506 na ɗauko, wanda na yi shekaru ina aiki da shi a sutudiyon rediyo, fatar kunnensa ma sau uku ina canza ta.

Na ce kada mu gwada da kiɗan da ba mu san shi ba. Na fito da wata ɗauka da na yi da hannuna shekarun baya: mai gurmi ɗaya, mai kalangu ɗaya, da wata tsohuwa tana buga ƙwarya tana amshi. Na san ɗakin, na san inda kowa ya zauna, na san wurin da mai gurmin ya yi gyaran murya.

A HD 800 S sai ka ce an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, makaɗan sun zauna nesa da juna. Ana jin yatsa yana goga tsirkiya kafin sautin ya fito. Amma da muka sa goge, ƙarar ta yi tsini, har likita ya yamutsa fuska. HD 650 ya matso da muryar tsohuwar kusa, kamar tana gefenka a kan gado tana ba ka labari, ba ya gajiyar da kunne ko kaɗan. Audeze shi ne ya ba kalangu haƙƙinsa, idan aka saki tsarkiya sautin ya faɗa ƙasa, a ƙirji kake jin sa. Sai dai nauyinsa ya kai rabin kilo, kafin a zuba shayi na biyu wuyana ya fara ƙorafi. Sony nawa ba ya yi wa kowa kara, duk wata ƙura da ke cikin ɗauka sai ya tona ta, shi ya sa muke son sa a wurin aiki. Wannan bambanci tsakanin kas da kas, ko yaron da ke dafa mana shayi ya ji shi cikin daƙiƙa biyar.

Rigimar sai da muka zo kan na'urorin aljihu ta tashi. Alhaji ya rantse cewa tsakanin tasa da salula mai ɗan igiyar haɗi akwai nisan Yamai da Agadas. Muka rataya darduma a kan kujeru biyu, yaron shayi ya zauna a bayanta yana sauya igiya, Alhaji ya sa kas ɗin Focal ya juya mana baya. Zagayen farko, sau biyar aka sauya, sau biyar ya canka daidai. Ya cire kas yana murmushi. Ni dai na nemi a ba ni minti uku. Na ciro mitar auna wuta daga aljihu, na sa sauti mai tsayi ɗaya na 1 kHz, na auna abin da kowace ke fitarwa. Ashe tasa ta ɗan fi ƙara. Haka kunnen ɗan Adam yake, abin da ya fi ƙara ko da kaɗan ne sai ya ce shi ya fi daɗi. Na daidaita su, aka sake. Cikin goma ya canki shida. Aka sake goma, ya canki huɗu. Wato da dala aka jefa sama ma haka za ta bayar.

Alhaji mutum ne mai sauƙin kai, ya yi dariya ya ce ɗacin shayin farko ne ya toshe masa kunne. Hausawa sun ce gani ya kori ji, suna nufin wani abu dabam, amma ranar na ga maganar ido da ido: muddin mutum yana kallon ƙarfe mai sheƙi da ya san kuɗinsa, ido ne ke sauraro.

Ban ce na'urar aljihu banza ce ba. Tana da ƙarfin tuƙa kas mai taurin kai, batirinta dabam, kira ba ya katse maka waƙa, ga wurin zuba kiɗa mai yawa. Amma a haɗa ta da kas na jika 5, ai an ɗaura wa jaki sirdin sarki. Juya lissafinka, malam. Kashi biyu cikin uku na kuɗin su tafi ga kas. Ka sayi ɗan igiyar DAC mai shiga ramin caji na salula, shi ne mai juya lambobi su koma sauti, ba shi da tsada. Abin da ya rage ka riƙe shi tukuna. Kuma ba a cinikin biri a sama: in ka shigo Yamai ka zo da waƙoƙi uku da ka haddace, ka sa kas ɗin a kunnenka aƙalla minti ashirin kafin ka zaro ko dala.

Daga wani ɗalibi a Harobanda: Baba, yayana ya aiko mini da Sennheiser HD 600 daga Jamus. Na sa a salula, sautin ƙasa-ƙasa, ba armashi, na abokina na kasuwa ma ya fi shi ƙara. Ko jabu aka sayar masa?

Ɗana, kada ka zargi kowa. Duba kwalin za ka ga an rubuta 300 ohm. Ƴan kas na kasuwa yawanci 16 ne ko 32. Wannan lamba tana nuna yadda kas ke turje wa wutar da ake tura masa. Ka ɗauka amalanke ce: ta 32 jaki ɗaya ya ishe ta, ta 300 kuwa shanu take so. Salula ba ta wuce kusan bolt 1 a bakin igiya, wasu ma rabin haka. In ka ƙure ta, za ta ja, amma da nishi, kuma inda ganga ta buga da ƙarfi nan numfashinta ke ƙarewa.

A nan ne ampili yake da aiki na gaske, kuma mun gwada a zaman namu. HD 650, wanda shi ma 300 ohm ne, muka sa shi a salular likita, sannan muka mayar da shi kan Mojo. Wannan karon ba a buƙaci darduma ba. Ba sai ka nemi mai fitilun gilashi ba. Ƙaramin ampili na tebur ko na aljihu mai fitar da bolt 2 zuwa sama zai tashe shi. Masu fitilu suna da nasu zaƙi, wasu suna mutuwar son sa, amma suna zafi, kuma wanda ya san Yamai a watan Afrilu ya san ba ma neman ƙarin murhu a ɗaki.

Abin da ke hannunka tun 1997 ake ƙera shi, har yau ana auna sababbi da shi. Soson kunnensa da igiyarsa duka ana cirewa a sa sabo. Ka kira yayanka ka yi masa godiya da kyau. Ga masu niyyar saye kuma: DT 770 iri uku ne a kasuwa, 32, 80 da 250 ohm. Wanda salula kaɗai gare shi ya ɗauki na farko, ko na biyu in ya matsa.

Daga wata tela a Wadata: Na sayi kas mai kyau don in riƙa saurare ina ɗinki. Waƙoƙin da masu turi suka zuba mini a kasuwa sai na ji sun ƙara muni, akwai wani shuu kamar ana soya ƙosai. Laifin kas ne?

Hajiya, kas ɗinki gaskiya ya faɗa miki. Waƙar minti huɗu a faifan CD takan kai kusan mega 40. In aka matse ta ta zama MP3 mai 128 (lambar in ta ƙaru, matsar ta ragu), sai ta koma kusan mega 4, an zubar da abin da ake ganin kunne ba zai nema ba. Matsa ɗaya ba ta da laifi sosai. Kwafa ma daga salula zuwa salula ba ta rage komai, ko sau ɗari ne. Ɓarnar tana zuwa ne idan an ciro waƙa daga bidiyo, aka sake matse ta, wani ya sake juya ta don ta yi ƙanƙanta. Kamar zane ne da aka rage wa faɗi sau uku, ba telan da zai mayar da ƙyallen da aka yanke. Ki duba girman waƙar: in ta minti biyar ba ta kai mega 2 ba, ga mai suyar ƙosanki nan. Ki ce wa mai turi ya ba ki MP3 mai 320, ko FLAC, wanda ba a zubar masa da komai ba, in yana da shi. Tsofaffin ɗaukan kaset kuwa shuu ɗinsu tare aka haife su, ni har kewarsa nake yi.

Ɗaya kuma, tunda kusa da keken ɗinki kike: kada ki ƙure murya don ki danne ƙarar keke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙarar desibel 80 har awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In kin cire kas kin ji kunne yana ƙiii, kin wuce gona da iri. Ni da nake ba ki shawara, shekarun sutudiyo sun cinye mini saman jina. Yaron shayi yana jin siririn sautin da ni sai dai in ga allurar mita tana motsi.

Daga wani matashi a Bukoki: Kawu, a fadarmu ana gardama. Wasu sun ce kas mai buɗaɗɗen baya ya fi, wasu sun ce mai rufaffe. Kuma wane ne mafi tsada a duniya?

Ta biyun ba ta da wuya. Cikin waɗanda aka fi ambata akwai Sennheiser HE 1, da ya fito a 2015 a kan kusan yuro 50,000. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ka ga ya haura miliyan 32. Ba mu gan shi a Yantala ba, kuma ban sa ran ganin sa ba. Akwai kuma na Stax daga Japan, masu aiki da wata siririyar leda da ake ɗora wa bolt 580, waɗanda ƙura ce babbar abokiyar gabarsu. Ka tuna da hazon Janairu da ke shiga har cikin tukunyar da aka rufe, ka bar su inda suke.

Ta farkon kuwa, a ina za ka saurara? Buɗaɗɗen baya yana barin iska ta ratsa, shi ya sa sautinsa ke da faɗi kuma kunne ba ya jiƙewa da gumi. Amma duk abin da ke waje yana shigowa, naka kuma yana fita. A fada, inda kabu-kabu ke wucewa, ana buga belot ana ihu, kuɗinka ka zubar. Can mai rufaffen baya ko ɗan ƙaramin na cusawa cikin kunne ya dace. Fatar roba ta rufaffen kuwa zafinmu yana sa ta sāɓule cikin shekara ɗaya ko biyu, don haka ka goge gumi bayan ka gama, ka mayar da shi jakarsa, kuma kada ka bar duk wani abu mai batir cikin mota a rana.

Wajen ƙarfe biyar na yammacin ranar zaman namu aka ɗauke wuta a Yantala. Kilim ya tsaya, firjin da ke bayan ƙofa ya yi shiru, fitilun ampili suka dushe. Sai na'urorin batir suka rage. HD 800 S yana kan likita a lokacin, sai muka ga ya ɗaga hannu yana cewa kowa ya yi tsit. Ya ce yana jin wani abu a bayan mai gurmi. Na karɓa na saurara: awarwaron tsohuwar ne ke taɓa bakin ƙwarya duk sanda ta ɗaga hannu. Ni na ɗauki wannan kiɗa, na ji shi ya fi sau ɗari, ban taɓa jin awarwaron ba. Muka riƙa miƙa wa juna kas ɗin, gumi yana zuba, ba mai magana. Mutum shida suka samu suka ji. Yana isa kan na bakwai maƙwabci ya tayar da gurup ɗinsa na wuta.