Ɗan majalisarmu ya rasu, ni na zo na biyu: kujerar tawa ce?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ni mutumin shiyyar Daura ne. A zaɓen da ya gabata na yi takarar majalisar dokokin jiha, na zo na biyu. Bayan ƙura ta lafa na samu aikin koyarwa a wata sakandaren gwamnati, ina ciki har yanzu. To Allah ya yi wa ɗan majalisarmu rasuwa, yau mako biyar ke nan. Magoya bayana suna cewa tunda ni ke biye masa, doka ta ba ni kujerar. Mutanen jam'iyyarsa kuma suna cewa ƙuri'a ta jam'iyya ce, ƙanensa za su ba ya ƙarasa wa'adin. Hukumar zaɓe kuwa shiru kake ji. Wa ke da gaskiya? In zaɓe za a yi ina so in sake gwadawa, sai dai ina tsoron in yi biyu babu, ba aiki ba kujera.

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mamacin, ya ba iyalinsa haƙuri.

Magoya bayanka ba su da gaskiya, mutanen jam'iyyarsa ma haka. Kujerar majalisa ba gona ba ce da za a raba gado, ba kuma layin awo ba ne da na baya zai matsa gaba in na gaba ya fita. Idan ɗan majalisa ya rasu bayan an rantsar da shi, zaɓen da ya kawo shi ya riga ya ƙare, ƙuri'un da ka samu a ranar ma sun ƙare tare da shi. Abin da kundin tsarin mulki na 1999 ya tanada shi ne sabon zaɓe, wanda muke kira zaɓen cike gurbi, kuma INEC, hukumar zaɓe ta ƙasa, ce ke yin sa. Hukumar zaɓe ta jiha ba ruwanta da wannan, aikinta ciyamomi da kansiloli.

Na san inda maganganun nan biyu suka samo asali, don ba daga sama suka faɗo ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas alhali ba shi aka tsayar ranar zaɓe ba, daga nan kalmar "ƙuri'a ta jam'iyya ce" ta shiga bakin 'yan siyasa, har yau ba ta fita ba. A 2015 kuma Abubakar Audu ya rasu a Kogi ana tsakiyar zaɓe, APC ta maye gurbinsa da Yahaya Bello. Amma duba da kyau. A Kogi ba a kammala zaɓen ba lokacin da mutumin ya rasu. A Ribas kuwa rigimar ita ce wane ne halaltaccen ɗan takarar jam'iyyar tun farko. Naku an kammala, an ba da takardar shaida, an rantsar, an zauna majalisa. Ban da haka, an yi wa tsarin mulki gyara daga baya, sashe na 285 yanzu ya hana kotu ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba a matsayin wanda ya ci. Ƙanen marigayin, in yana so, sai ya yanki fom kamar kowa. Wanda ya zo na biyu kuwa ta hanya ɗaya yake samun kujera: ya kai ƙara kotun zaɓe cikin kwana 21 da sanar da sakamako, ya tabbatar da cewa wanda aka ce ya ci ba shi ne da rinjayen halaltattun ƙuri'u ba. Wannan ƙofa ta daɗe da rufuwa gare ka.

Sai batun shirun INEC. Sashe na 116 ya ce idan gurbi ya faɗa fiye da kwana 90 kafin wa'adin majalisa ya cika, a yi zaɓen cikin kwana 30. Idan kuwa saura ƙasa da haka, sai a haƙura har babban zaɓe. A rubuce ke nan. A aikace INEC ba ta motsawa don ta ji sanarwar jana'iza a rediyo. Takarda take jira daga kakakin majalisa cewa kujerar mazaɓa kaza babu kowa a kai. Saboda haka kafin ka zargi hukumar, ka fara tambaya a ofishin akawun majalisa: an karanta batun a zauren majalisa? An aika takardar? Yaushe? Sau da yawa a nan abin ke maƙalewa, wani lokaci don kara ga iyalin mamaci, wani lokaci kuma don masu rinjaye ba su gama shirya ɗan takararsu ba.

Ko an aika ma, kada ka ɗauka kwana 30 ɗin nan sun zama kamar lokacin buɗa baki. Ku mutanen shiyyar Daura kun gani da idonku. Sanata Mustapha Bukar ya rasu a watan Afrilun 2018, ba a yi zaɓen cike gurbinsa ba sai 11 ga Agusta, wanda Ahmad Babba Kaita ya ci, alhali ƙa'idar kwana 30 ɗin tana kan kujerar sanata ita ma. Cin da ya yi ya bar kujerarsa ta wakilai ta Kankiya, Kusada da Ingawa babu kowa, aka sake wani zaɓen a watan Nuwamba, Abubakar Yahaya Kusada, kakakin majalisar jiha a lokacin, ya ɗauke ta. Rasuwa ɗaya, kujeru suka yi ta motsi har zauren majalisarmu ta Katsina. A 2020 ma zaɓen kujerar Bakori an sa shi 31 ga Oktoba, tarzomar EndSARS ta sa aka ɗaga zuwa 5 ga Disamba. INEC ta fi son ta tara guraben jihohi da dama ta yi su rana ɗaya.

Me za ka iya yi? Ka rubuta wa kakaki, ka ba Kwamishinan INEC na jiha kwafi, ku sa hannu kai da wasu masu rajista a mazaɓar, ku ambaci sashe na 116 da ranar rasuwar. In an yi biris, lauyanka na iya zuwa Babbar Kotun Tarayya da ke Katsina ya nemi umarnin tilasta wa mai riƙe da ofis yin aikin da doka ta ɗora masa. Hanyar tana nan, amma in ka tambaye ni, ban cika son mutum ya zuba kuɗinsa a nan ba. Kafin a gama musayar takardu yawanci an sa rana. Takardar koke mai hatimin karɓa, da jam'iyyarka ta yi magana a rediyo, sun fi sauri kuma sun fi arha. Da a ce sauya sheƙa ɗan majalisar ya yi, da lissafin ya bambanta, don a nan ne kakaki kan ƙi furta komai sai kotu ta shiga. Rasuwa ba a musu a kanta.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, batun aikinka, don shi ne tarkon da ya fi kama irinku.

Sashe na 107 ya ce ma'aikacin gwamnati ba zai tsaya takarar majalisar jiha ba sai ya yi murabus, ko ya janye daga aiki, ko ya yi ritaya, kwana 30 kafin ranar zaɓe. Malamin makarantar gwamnati yana cikin wannan, ma'aikacin ƙaramar hukuma ma haka, sashe na 318 ya lissafo su. A babban zaɓe wannan ba matsala ba ce, an san rana tun da nisa, mutum ya ci fidda gwani sannan ya ajiye aiki hankali kwance. A zaɓen cike gurbi kuwa abin a matse yake. A zamanin Dokar Zaɓe ta 2022 kwana 14 kacal aka wajabta wa INEC ta sanar kafin ranar, ko da yake hukumar kan fitar da jadawali da ɗan tazara fiye da haka. Ma'ana, zai iya yiwuwa ranar da ya kamata ka ajiye aiki ta zo kafin ka san ko jam'iyyarka za ta ba ka tikiti. Tsoron da kake yi na biyu babu, tsoro ne na gaskiya, kuma babu wata dabarar lauya da za ta kawar maka da shi gaba ɗaya. Abin da za ka iya shi ne ka rubuta takardar murabus ka ajiye a aljihu, ranar da jadawali ya fito ka ɗauki kalanda ka ƙirga baya daga ranar zaɓe, ka ga ko fidda gwani ya faɗo kafin kwana 30 ɗin ko bayansu. Ka kuma karanta ƙa'idojin jam'iyyarka, don wasu kan nemi shaidar barin aiki tun wajen tantancewa, tun kafin lokacin da tsarin mulki ya yanka.

Hutun da babu albashi ba murabus ba ne. Kalmomi uku sashen ya ambata, hutu ba ya ciki, komai alkawarin da wani babba a ma'aikata zai yi maka cewa zai rufa maka asiri. Abokin hamayyarka yana da ɗan'uwa a ofishin albashi.

Wani ya taɓa zuwa ofishina da irin wannan. Ya ce ya ajiye aiki a kan lokaci. Na ce ina shaida? Ya zaro waya, gilashinta duk ya tsage, ya yi ta shafawa har ya kai ga hoton wata takarda a kan tabarma, ba hatimi, ba sa hannun wanda ya karɓa, ba kwanan wata sai wanda shi ya rubuta da biro. Muna cikin dubawa na ga saƙon banki a sama, albashin watan da ya biyo baya ya shiga, kuma ya riga ya taɓa shi ya buga fastocin takara. Don haka kai ka kai takardarka hannu da hannu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka, ka daina sa hannu a rajistar zuwa aiki, ka miƙa maki da kayan makaranta a rubuce. In albashi ya shigo bayan nan, ka mayar ta banki ka riƙe rasit.

Sauran sharuɗɗan ka san su tunda ka taɓa yi: shekara 25 tun gyaran 2018 da ya rage daga 30, karatu aƙalla matakin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da kai, don babu ɗan takara mai zaman kansa. Zuwa na biyu da ka yi bai ba ka tikitin jam'iyyarka kai tsaye ba, sabon fidda gwani za a yi. Ka tabbata sunanka na cikin rajistar 'ya'yan jam'iyya da za a miƙa wa INEC, musamman in kana tunanin canza gida a ƙurarren lokaci. Takardunka kuma su zama sunan da ranar haihuwar iri ɗaya ne da wanda ka cike a fom ɗin baya, don abu na farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai yi shi ne ya ɗora fom biyun gefe da gefe.

In aka ce maslaha za a yi, wato a fitar da ɗan takara ta yarjejeniya ba tare da ƙuri'a ba, ka sani Dokar Zaɓe ta 2022 ta shigo da sharaɗin cewa sai duk waɗanda aka tantance sun amince a rubuce. Kada ka sa hannu a takardar janyewa a ɗakin wani babba da tsakar dare sannan ka zo da safe ka ce a kai ƙara. In kuwa aka murɗe maka fidda gwanin da ka shiga, kwana 14 gare ka daga ranar da abin ya faru ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Asabar da Lahadi suna cikin lissafi, kuma don kauce wa gardama ka ɗauki ranar da abin ya faru a matsayin rana ta ɗaya. A nan dattawan jam'iyya ke cinye mutane. A kafa kwamitin sulhu, a ce ka yi haƙuri oga yana Abuja, a sa zama ranar Laraba a ɗaga zuwa Litinin, kai kuma kunya ta hana ka motsi. Ran da ka farga kwana 16 sun wuce, alƙali ko takardunka ba zai buɗe ba. Ka je sulhun, ba laifi, amma ƙararka tana gaban kotu, janye ta ba wuya in an daidaita.

Bayan zaɓen kansa, kwana 21 ne na kai ƙara kotun zaɓe, ita kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma kwana 60 gare ta ta yanke nata. Shari'ar kujerar majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Wannan shari'a da takardun sakamako na rumfa-rumfa ake cinta, don haka kuɗin da za ka kashe wa masu kiɗa gara ka kashe wa wakilan rumfa da za su tsaya har a ƙirga, su karɓo kwafi mai sa hannu.

Abu na ƙarshe da za ka sa a ma'auni kafin ka taɓa takardar murabus: wanda ya ci zaɓen cike gurbi ba ya samun shekara huɗu. Sashe na 105 ya ce majalisa tana rushewa ne in ta cika shekara huɗu daga zamanta na farko, da tsoho da sabon shiga duk rana ɗaya za su fita. Ka ƙirga watannin da suka rage, ka cire waɗanda shari'a za ta iya ci, ka ɗora su kusa da aikin da ka samu da ƙyar da abin da murabus zai yi wa shekarunka na fansho. Sannan ka ɗauki takardar ɗaukarka aiki, da kwafin fom ɗinka na zaɓen baya, da katin jam'iyya, ka kai wa lauyan da ya saba da shari'ar zaɓe tun cikin makon nan, kafin jadawalin ya fito.