Ƙanena na Jos yana so ya biyo ni Jidda, ejan ya ce a fara da bizar Umara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a wani kamfani a Jidda, da igamata (takardar izinin zama). Ƙanena yana gyaran waya a Jos, bai taɓa ƙetare iyakar Najeriya ba. Wani ejan ya ce zai fitar masa da bizar Umara, in ya iso sai ya saje da gari, daga baya a nema masa aiki. Hajiyarmu ta tsaya kai da fata sai na biya, ta ce kowa ma haka ya fara. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka biya kuɗin nan. Sai dai tunda Hajiya ce a tsakiya, "a'a" kaɗai ba za ta fisshe ka ba, sai ka haɗa da abin da za a yi a madadin wannan shiri.

Maganar Hajiya tana da tushe. Bahaushe ya daɗe yana fita, kuma kusan kullum sawun wani yake bi. Fataken goro sun yi ta zuwa Gwanja suna sauka a Salaga wajen mai gida, shi zai ba su masauki ya tsaya musu a ciniki. Maniyyata sun taka a ƙasa ta Barno da Chadi da Darfur, su yada zango a Sudan su yi ƙodagon auduga har guzuri ya taru, wasu sai bayan shekaru suke ganin Bahar Maliya. Garin Mai Wurno da ke Sudan, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Iyayenmu sun taso sun ga mutum ya tafi Makka ya zauna, ba wanda ya tambaye shi takarda.

Wancan zamanin ya wuce. Yau da ƙanenka ya sauka a filin jirgin Jidda za a ɗauki hoton yatsunsa da fuskarsa, a rubuta ranar shigarsa. Bizar Umara ta ibada ce, tana da wa'adi, kuma ba a aiki da ita. Ranar da wa'adin ya cika bai fita ba, ya zama takari. Kai da kake can ka fi ni sanin rayuwar: ba asusun banki, zuwa asibiti da fargaba, in ya yi wa wani aikin wata uku aka hana shi haƙƙinsa ba inda zai kai ƙara, in ya hango motar jami'ai sai ya sake lungu. Ƙarshen da yawa tarhil ne, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, sannan a dawo da mutum da kayan jikinsa, a kuma rufe masa ƙofar shiga na shekaru. Kai ma ba ka tsira ba, domin dokar can tana hukunta wanda ya ɓoye ko ya ba marar takarda masauki da tara da ɗauri, in baƙo ne a haɗa masa da kora. Gidan da ke cin abinci daga albashi ɗaya sai ya wayi gari ba ko ɗaya.

Ga wani abu da na tabbata ejan bai faɗa muku ba. Tun 2016 Saudiyya ta keɓe sana'ar sayar da waya da gyaranta ga 'yan ƙasa kaɗai. Wato sana'ar da yaron nan ya ɓata shekaru yana koyo, can ko da igama ba zai buɗe shagonta ba.

In aiki yake so, hanyarsa ita ce wadda kai ka bi. Kafili, wato mai ɗaukar nauyin baƙon ma'aikaci, ya nemi ma'aikaci, a fitar da bizar aiki da sunan sana'ar, a yi gwajin lafiya, a sa hannu a kwantiragi. A dokar ƙwadagon Saudiyya, kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da tikitin komawa duk a wuyan mai ba da aiki suke, kuma ba shi da ikon riƙe fasfon ma'aikacinsa. Ku karanta sana'ar da aka rubuta a bizar da kyau. Sassaucin da aka yi a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki, bai shafi masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Wanda aka ce masa "direba" ya tambaya: na kamfani ko na gida? Bambancin ba ƙarami ba ne. Shi kuma ejan, a tambaye shi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In ya fara kame-kame, ko ya ce a tura kuɗi asusun wani ɗan'uwansa, an gama magana. Wanda aka riga aka yaudara da sunan aiki yana iya kai ƙara hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Sauran ƙofofin da mutanenmu ke fara fita ta cikinsu sanannu ne: karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Azhar, saro kaya a Kwatano ko Dubai ko Guangzhou, ko aikin Hajji ta hukumar alhazai.

Ko wacce zai bi, fasfo ne farko, kuma wannan zai iya farawa gobe ba tare da ejan ba. Ya cike takarda a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, ya biya a can, ya je ofishinsu na Jos a ɗauki hotonsa da yatsunsa. Daga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar Naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma Naira 200,000. Inda na fi ganin yaranmu suna maƙalewa shi ne suna. Takardar makaranta ta ce Mohammed, katin NIN ya ce Muhammad, banki ya ce Mamman, ranar haihuwa kuma wani mai shagon kwamfuta ya zaɓa masa 1 ga Janairu. Fasfo abin da ke cikin NIN yake bi, saboda haka ya baje takardunsa duka a kan tabarma ya duba harafi bayan harafi, ya gyara kafin ya biya ko kwabo. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad, da allurar sanƙarau in Umara ce.

Ranar tafiya kuma, jirgin ƙasar waje ba daga filin jirgin Jos da ke Heipang zai hau ba, sai ya biyo ta Akwanga da Keffi ya zo Abuja. Ya kwana a gari, kada ya taso daga Jos da asuba yana tseren lokaci da hanya. A filin jirgi wata dattijuwa za ta iya matsowa da leda ɗaure: "Ɗana, don Allah riƙa min wannan, kayana sun yi nauyi." Kunya za ta kama shi, irin tarbiyyar gida. Ya ba ta haƙuri ya wuce. Ku tuna ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta a filin jirgi, sai bayan watanni aka gano ba tata ba ce. Hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne. Ya ƙirga jakunkunansa, ya ƙirga takardun shaidar kaya da aka ba shi, su zo daidai. Goro ma kada Hajiya ta cusa masa, an hana shiga da shi.

Ni da za a bi tawa, in kana da hali ka biya masa Umara ta gaskiya, da tikitin dawowa. Ya sauke ibadarsa, ya ga ɗakin da kake kwana da mutum nawa kuke ciki, ya zauna da 'yan takari ya ji daga bakinsu, ya dawo kafin wa'adi. Fasfon da aka buga wa shiga da fita a kan lokaci yana da daraja a idon duk ofishin jakadancin da zai je nan gaba. In ya dawo yana nan a kan bakansa, sai ka fara yi masa cigiyar gurbi a kamfaninku ko wani. In kuɗin ba su kai ba, rabinsu ma zai cika masa shago da kayan gyara a Jos.

Hajiya kuwa, kada ka aika mata saƙon murya. Kira ta da kanka bayan Isha, lokacin da gida ya yi shiru, ka gaya mata cewa in aka kama shi a ɗakinka ku biyu za a dawo da ku, kuɗin cefane da na maganinta su tsaya. In akwai kawu ko malamin da take jin maganarsa, ka fara yi masa bayani, ya je ya same ta kafin ejan ya sake kiranta.