Amsa ga ɗan'uwa mai son buɗe shafin musayar linki

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da shafin kiwon kaji da Hausa, wani ya ba ka shawara ka ware ɓangare guda ka jera linkin duk wanda ya yarda ya sa naka a nasa, wai Google zai ɗaga ka sama, kuma kana son sanin yadda ake tsara abin da kula da shi. Na daɗe ina riƙe da irin wannan jeri a shafina na harkar noma. Shawarata ita ce ka yi shi, amma don masu karatunka, kada ka yi don Google.

Maganar da aka faɗa maka tana da asali, sai dai ta tsufa. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabararsu ta PageRank tana lissafa kowane linki a matsayin ƙuri'a, shafin da aka fi nunawa shi ke hawa. Da mutane suka gano haka sai aka shiga ba ni gishiri in ba ka manda. Mai sayar da taya ya jera otal-otal, otal ya jera masu maganin ƙiba, babu abin da ya haɗa su sai neman ƙuri'a. A watan Afrilun 2012 Google ya fito da gyaran tsarin bincikensa da ake kira Penguin, shafuka da yawa da suka rayu a kan wannan dabara suka rikito. Daga 2016 kuma ya koma yawanci yana watsar da irin waɗannan linki, ya ƙi lissafa su gaba ɗaya. Har yau ƙa'idojinsa sun ambaci musayar linki da ta wuce kima, da shafin da aka buɗe don musayar kawai, a cikin abubuwan da yake ɗauka maguɗi. Ka lura, wuce kima aka hana. Mai kiwon kaji ya nuna shafin likitan dabbobi, likitan ma ya nuna nasa, wannan ba laifi ba ne, haka intanet take tun farko.

To me ya sa har yanzu nake cewa ka yi? Saboda abin da aka rubuta da Hausa a warwatse yake, kuma nemansa da wuya. Kalma ɗaya sai ka ga an rubuta ta iri uku: wani ya sa ƙ, wani ya bar ta k, wani ya ɗora mata alama a gefe. Matar da ke kiwon kaji ɗari a bayan gida, ta wayi gari sun fara zawo suna takurewa, tana so ta san ko cutar Gumboro ce, ba lallai bincike ya kai ta inda amsar take ba. Idan ta saba da shafinka, kuma ta tarar ka tace mata wurare masu amfani ka jera, ka yi mata babban aiki. A Kantin Kwari idan mai shago ba shi da atamfar da kake nema yakan tura ka wajen maƙwabcinsa, in maƙwabcin ya cuce ka kuwa, sunan wanda ya tura ka ne ya ɓaci. Duk linkin da ka sa, ka tsaya wa mai shi ke nan.

Nan ne na rabu da wanda ya ba ka shawara. Kada ka sa ramuwa ta zama sharaɗin shiga jerinka. Wuraren da suka fi cancanta su ne waɗanda ba za su taɓa rama maka ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke yin allurar rigakafi, ba za ta sa linkinka ba. Haka cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, inda aka samar da kazar ƙwai ta Shika Brown, da NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello mai aikin wayar da kan manoma. Jerin kiwon kaji da babu waɗannan, amma cike yake da shafukan waƙoƙi da na sayar da data don sun rama, ba jeri ba ne da mai kiwo zai koma masa. Ni nakan fara sa wanda ya dace, daga baya in rubuta masa in gaya masa na sa shi a jerina, ga adireshin, in ya ga nawa zai amfani masu karatunsa bismilla. Wasu sukan rama, wasu su yi shiru, ban taɓa cire mai amfani don ya yi shiru ba.

Tsarin kansa ba shi da wahala. Ka kasa shi gida-gida yadda mai kiwo ke tunani: 'yan tsaki, abinci, magani da rigakafi, kasuwar ƙwai da nama, hukumomi. A ƙarƙashin kowane suna ka rubuta layi ɗaya ko biyu da bakinka, abin da ke ciki da harshen da aka rubuta shi, domin mai karatu ya san Turanci zai tarar kafin ya ƙona datarsa. Kada ka yarda masu shafukan su turo maka bayanin da za ka manna, don kowa zai rubuta cewa shi ne na ɗaya a Arewa. Ka fara da ashirin ko talatin waɗanda ka karanta da idonka. Sannan ka ajiye rajista a Google Sheets ko ma a littafi: sunan shafi, ranar da ka sa shi, inda ya sa naka idan ya sa, da ranar da ka leƙa shi na ƙarshe.

Wahalar tana wajen kula, kuma ita ce mutane ba sa faɗa. Manyan kundayen jerin shafuka ma sun tafi: Yahoo ya rufe nasa a ƙarshen 2014, DMOZ mai ɗimbin editoci 'yan sa-kai aka rufe shi a Maris 2017. Shafukanmu na Hausa kuwa saurin mutuwa gare su. Sunan shafi haya ne, shekara-shekara ake sabuntawa, galibi farashin yana bin dala, mutum ya kasa biya ko ya manta, shi ke nan. Idan shafin ya mutu ya bar saƙon 404, wato ba a sami shafin ba, ko ya ƙi buɗewa, da sauƙi. Manhajar Broken Link Checker a WordPress, dandalin gina shafuka, za ta nuna maka, manhajar Screaming Frog ma tana duba adireshi har 500 kyauta. Abin tsoro shi ne sunan da ya faɗi wani ya saye. Akwai masu farautar irin waɗannan sunaye su mayar da su gidan caca ko na batsa. Manhaja za ta ce maka linkin lafiya lau yake, domin yana buɗewa. Na taɓa tarar da wani shafin shawarwarin noma da ke jerina ya koma na caca, mai shi na asali bai ma sani ba. Ka tuna wa ke danna linkin nan: matan aure, ɗalibai, dattawa da suka amince da kai. Don haka ko da manhaja, ka ware rana a wata ka buɗe kowanne da hannunka, a waya, tunda da ita mafi yawansu ke shiga.

Masu musayar ma akwai 'yan dabara a cikinsu. Wani zai sa naka, bayan mako biyu ya cire. Wani ya ajiye shi a wani lungu da babu hanyar shiga daga ko'ina a shafinsa. Wani ya liƙa masa alamar nofollow, wadda aka ƙirƙiro a 2005 don gaya wa injin bincike kada ya ɗauki linkin a matsayin shaida. Ɓangaren linki na Google Search Console, inda Google ke ba masu shafi rahoto a kan shafinsu, zai nuna maka shafukan da ke nuno ka, kyauta ne. Amma kada ka mayar da wannan abin rigima. Idan shafinsa na da amfani, bar shi. Idan dama don musayar kawai ka sa shi, wannan ya nuna bai kamata ya shiga ba tun farko. Saƙonnin da ke zuwa daga waɗanda ba ka sani ba, masu cewa ka nuna shafinsu na biyu su kuma su nuna ka daga na uku, ka share su kawai.

Za a zo maka da kuɗi, musamman masu sayar da abincin kaji da magunguna. Karɓar talla ba aibu ba ne, amma ka raba shi da jerin. Ka rubuta "talla" a kansa ƙarara, ka sa masa alamar sponsored da Google ya fito da ita a 2019. Maganin da ba ka ga lambar rajistar NAFDAC a jikinsa ba kuwa, ko nawa aka ba ka kada ya shiga, domin garken wani ne zai mutu.

Idan ka haɗa ashirin ɗin farko, turo mana mu duba tare. Ina da wasu na ɓangaren masara da waken soya da za su dace da ɓangaren abincin kaji na jerinka. Allah ya sa albarka a kiwon.