Amsa ga ɗan yayana mai son karatun laboratuwar a Faransa

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma irinsa ne ke zo mini daga Maradi duk shekarar da sakamakon lisans ya fito. Kana so in nemo maka gurbin mastar a fannin gwaje-gwajen asibiti a nan Faransa, domin a cewarka a nan ne manyan na'urori suke, a gida kuwa ba a koya muku komai ba sai dafa jel da zuba shi a faranti. Wannan maganar taka ta ƙarshe ce ta sa na ajiye aikina na rubuta maka, kuma na rubuta a fili domin abokanka masu irin wannan tunani su ma su karanta.

Jel ɗin da kake rainawa shi ne ginshiƙin aikin. A zamanin Robert Koch, masanin ƙwayoyin cuta na Jamus, da jelatin ake renon ƙwayoyin cuta, wato abin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana a sanyi. Jelatin yana narkewa tun kafin zafi ya kai digiri 37, wanda shi ne zafin jikin ɗan Adam kuma shi yawancin ƙwayoyin cuta suke so, sannan wasu ƙwayoyin suna cinye shi. A farkon shekarun 1880 ne Fanny Hesse, matar wani likita da ke aiki tare da Koch, ta ba da shawarar agar, wanda ake samu daga wata jar ciyawar teku. Agar ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 85, kuma ba ya sake daskarewa sai ya sauko kusan 40. Kai da ka san zafin Maradi a watan Afrilu, ka san da jelatin ake amfani da babu farantin da zai kai azahar.

Ka tsaya ka duba abin da wannan farantin yake yi wa mutanen garinku. Idan sanƙarau ya ɓarke lokacin rani, ruwan da aka zuƙo daga ƙashin bayan yaro ana shafa shi a kan agar mai gauraye da dafaffen jini domin ƙwayar ta tsiro a gane ta. Ƙwayar kwalara, wadda ta addabi Madarunfa da kewaye a 2018, tana fitowa rawaya a kan agar ɗin da ake kira TCBS. Gwajin da ke nuna maganin da zai kashe ƙwayar cuta kuwa ana yin sa a kan agar na Mueller-Hinton, kuma kaurinsa milimita 4 ake so. Idan ka zuba shi ya yi kauri, maganin ba zai yaɗu yadda ya kamata ba, sai ka rubuta wa likita cewa magani mai aiki ba ya aiki. Idan ya yi siriri, sai ka ce maras aiki yana aiki, likita ya ba majinyaci, majinyaci ya ci gaba da ciwo. Babu na'urar da za ta gyara wa mai gaggawa wannan.

Abin da ya fi ci mini rai da na iso shi ne takardata. Aikin ma'aikacin laboratuwar na asibiti a Faransa doka ce ta tsare shi, kuma takardar da aka samo daga wajen Tarayyar Turai ba ta ba mutum izinin taɓa samfurin majinyaci kai tsaye. Da lisans a hannuna na ƙare a wani ɗakin bincike ina wanke kwalabe, ina auna garin agar, ina zuba faranti ga ɗaliban da na girma. Shugabar sashen takan tsaya a bayana tana kallon hannuna kamar ban taɓa ganin ma'auni ba, kuma da zarar faranti ya gurɓace sunana ake fara kira. Abin da ya fisshe ni shi ne horon gida. Mun saba da tattalin kowane giram, mun saba aiki kusa da harshen wuta babu magana, mun saba lissafin abin da zai faru da farantan da ke cikin firiji idan lantarki ya ɗauke. Sannu a hankali aka lura farantaina ba sa gurɓacewa, kuma yau ni nake koya wa sababbin ɗalibai abin da aka yi zaton ban iya ba.

Akwai jel mai haɗari, kuma ina so ka ji wannan da kyau. Ana raba gutsattsarin ADN, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, a cikin jel na agaros, wanda ake tacewa daga agar, ta hanyar sa masa lantarki, ƙanana su yi nisa, manya su tsaya baya. Rinin da aka daɗe ana amfani da shi domin a gan su, etidiyom buromid, yana iya ɓata ƙwayar halitta, hasken da ake duba shi da shi kuma yana ƙona ido da fata. Jel ɗin raba furotin, wanda wani masani mai suna Laemmli ya fito da tsarinsa a 1970, da akirilamid ake haɗa shi, kuma kafin ya daskare guba ne ga jijiyoyi, yana shiga ta fata. Sabon zuwa shi ake bai wa wannan aikin, kuma baƙon da ke jin kunyar tambayar safar hannu shi ne yake cutuwa.

Idan da shawarata za ka bi, ka ƙware a kan gwajin sikila. Raba hemogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, da lantarki shi ne ke bambanta AA da AS da SS, kuma a yankinmu akwai nau'in C wanda dole ka iya karanta layinsa. Iyalai nawa ne a unguwarmu aka ɗaura aure ba a yi wannan gwajin ba, sai da aka haifi yara suna kwana a asibiti? Sauran jel ɗin za ka same su a hanya ba sai na tsaya ba: wanda ake shafawa a cikin mai juna biyu kafin hoton eko domin iska tana tare sautin na'urar, wanda ke cikin kwalbar ɗibar jini yana raba ruwan jini da gudajinsa, katin jel na gwajin rukunin jini da Yves Lapierre ya ƙirƙiro a birnin Liyon, da na ɗaure ƙuna.

Maganar biza kuma, ka san ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, saboda haka kada wani dillali ya karɓe kuɗin mahaifinka da alkawarin banza, ni ma ba ni da wata ƙofa ta ɓoye. Ka nemi horon aiki a laboratuwar ɗin wani asibiti a nan Maradi ko a Yamai, ka zauna cikakkiyar shekara, ka sa shugaban wurin ya rubuta maka takarda mai bayyana gwaje-gwajen da ka yi da hannunka ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma duba Maroko da Aljeriya da Senegal, kada idonka ya tsaya a kan Faransa kaɗai. Idan ka haɗa wannan takardar da sakamakonka, ka aiko mini in duba su kafin ka tura wa kowace jami'a. Ka gaishe mini da yaya da mutanen gida.