Wace Anga Zan Saya? Amsa ga Masunta daga Kosti, Bur Sudan da Damazin

Tambaya daga wani masunci a Kosti, ƙasar Sudan: Malam, kwalekwalena na ƙarfe ne mai tsawon mita 7, a Farin Nilu nake su. Wani tsohon ƙarfen inji mai nauyin kilo 25 nake jefawa a matsayin anga, amma da iskar hunturu ta taso sai in ga ina tafiya. An ce in sayi mai fukafukai biyu ta kilo 6. Ta yaya kilo 6 zai riƙe abin da kilo 25 ya kasa?

Ɗan'uwa, wanda ya ba ka shawarar nan ya san ruwa. Ƙarfen injin naka ba ya kama komai, zama kawai yake yi a kan laka da nauyinsa, kuma da zarar ya shiga ruwa kusan kashi ɗaya cikin takwas na nauyin ya tafi. Masu zuba siminti a gwangwani sun fi ka asara, domin kankare yana rasa wajen kashi 40 cikin ɗari. Anga ta gaskiya aiki biyu take yi. Na farko kamawa, wato bakinta ya huda ƙasa ya nutse da zarar an ja ta. Na biyu riƙewa, wato bayan ta nutse, ƙasar da ta taru a gabanta ta hana ta motsi. Ƙasar ce ke riƙe jirgin, ba nauyin ƙarfen ba.

Mai fukafukai biyun nan ita ake kira Danforth, da sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta, kuma ta yi suna ne a Yaƙin Duniya na Biyu a jiragen da ke sauke sojoji a gaɓar teku. A yashi da laka, idan daga gefe ɗaya ake jan ta, da wuya ka sami wadda ta fi ta riƙo in aka auna da nauyinta. Wajenku kuwa madatsar Jabal Auliya, wadda aka gama a 1937, ta sa kogin ya yi faɗi, ruwan na tafiya a hankali, ƙasan duk laka. Wurinta ke nan.

Amma ka san halinta kafin ka ba da kuɗi. Idan iska ta juya jirgi ya koma ɗaya ɓangaren, takan tumɓuke, kuma in dunƙulen laka ko tsakuwa ya maƙale tsakanin fukafukan da sandar, ba za ta sake kamawa ba, sai dai ta riƙa jan ciki. A inda kainuwa da ruɓaɓɓen ciyayi suka shimfiɗa a ƙasa, sulɓewa take yi ta sama. Saboda haka bayan ka sake ta, ka ja da baya a hankali har ka ji igiya ta yi tauri, ka ɗora hannu a kanta. In tana karkarwa, angar jan ƙasa take yi, ɗago ka wanke ta ka sake.

Idan a wurin mai walda za ka yi ta, abu uku za ka tsaya a kai: bakin fukafukan ya yi tsini, sandar da ke gicciye a gindi ta yi tsawo don kada angar ta kife, sannan buɗewar fukafukan daga sandar tsakiya ta tsaya wajen digiri 32. Wannan kusurwar ba ado ba ce. Kamfanin Fortress, mai yin irinta da alminiyam, har wurin sauyawa ya yi mata, 32 don yashi, 45 don taɓo mai laushi. Wadda aka buɗe da yawa ba ta shiga ƙasa mai tauri, wadda aka tsuke kuma sama-sama take yankar laka.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Turken akuya in an ja shi ta gefe yana nan daram, in an ja shi sama yaro ma ya cire shi. Haka anga take. Ka auna zurfin ruwan, ka haɗa da tsayin goshin jirgi daga ruwa, ka saki igiya ninki biyar, in da iska ninki bakwai. Zurfin mita 4 da goshi mita 1 na neman igiya mita 25 zuwa 35. Sannan ka sa sarƙa tsakanin anga da igiya, tsawonta ya kai na kwalekwalen, don ta kwantar da jan ƙasa-ƙasa. Da za a ce in zaɓa maka tsakanin anga mai tsada da guntuwar igiya, ko ta maƙera da isasshiyar igiya da sarƙa, ta biyun zan ɗauka ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Tambaya daga wani dattijo a Bur Sudan, a gaɓar Bahar Maliya: Ni da 'ya'yana muna da jirgin faiba mai mita 10, mukan kwana a marsa, wato lungun teku da jirage ke fakewa, in mun yi nisa. An kawo mini anga biyu: ɗaya mai siffar garma mai gaɓa, ɗaya kuma mai bakin shebur da baka ta ƙarfe a samanta, wadda ta fi tsada. Shin ƙarin kuɗin ya cancanta?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ga wanda ke kwana a ruwa da 'ya'yansa, ya cancanta, kuma ga dalilina.

Mai gaɓar nan CQR ce, ko kwaikwayonta. Masanin kimiyya ɗan Ingila Geoffrey Taylor ne ya fito da ita a farkon shekarun 1930, kuma ta yi wa mutane aiki shekara da shekaru. Matsalarta a kamawa take. In ta faɗi ƙasa kwanciya take yi a gefenta, kuma a yashi mai tauri takan yi tafiya mai nisa a haka kafin bakin ya shiga, wani lokaci ma ba ya shiga. In ta shiga kuma, tunda garma ce, raba ƙasar take yi gida biyu idan ja ya yi ƙarfi. Wata mai suna Delta, wadda aka cire wa gaɓa aka ƙara wa baki nauyi, ta fi ta saurin kamawa, amma ita ma garma ce.

Ta biyun daga sababbin ƙira take, irin su Rocna da Peter Smith na New Zealand ya ƙera a farkon shekarun 2000. Bakar ƙarfen tana mirgina ta duk yadda ta faɗi har bakin ya fuskanci ƙasa, cikin nata kuma lotsattse ne, yana tara yashi maimakon ya watsar. Irinsu kan kama kusan nan inda suka faɗi, kuma in iska ta juya sukan juya a cikin ƙasa ba tare da sun fito ba. Wannan shi ne abin da mai barci ke buƙata. Iskar gaɓarku yawanci daga arewa take, amma kun fi ni sanin yadda habub, guguwar nan mai ƙura, kan sauko daga duwatsu lokacin zafi, ya juya jirgi cikin ɗan lokaci, marsa kuwa ƙunci gare ta, duwatsun murjani hagu da dama. Aibin wannan angar ɗaya, a laka mai danƙo takan cika tsakanin baka da baki, sai an ɗago an kankare.

In kuɗi bai kai ba, akwai Bruce mai yatsu uku, wadda Peter Bruce ya ƙera a shekarun 1970 don ayyukan haƙar mai a teku. Tana kamawa da wuri a ƙasa iri-iri, sai dai riƙonta bai kai na sauran ba, don haka a ɗauki wadda ta ɗara girman da aka rubuta wa jirginku. Ku kuma lura da kwaikwayo: sandar da ta yi siriri lanƙwashewa take yi idan aka ja ta ta gefe, kuma angar da sandarta ta karkace ba ta sake shiga ƙasa daidai.

Wata magana da ba ku tambaya ba, amma ta dame ni. Duk waɗannan na yashi ne da laka. A kan murjani ba kamawa suke yi ba, maƙalewa suke yi, sarƙar kuma tana sharar abin da ya yi shekaru masu yawa yana girma, wanda a cikinsa kifin da kuke nema ke hayayyafa. Sanganeb da Dungunab, wuraren murjani na tekun naku, ba banza UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2016 ba. Ku nemi inda ruwa ya yi fari-fari, nan ne yashi. Ƙugiyar rodi mai yatsu huɗu, wadda ke miƙewa in an ja da inji, ta tsayuwar rana ce a kan dutse ido biyu. Kada a kwana a kanta. Kuma a wannan tekun kada a rage sarƙa, domin murjani cinye igiya yake yi cikin dare ɗaya.

Tambaya daga wani matashi a Damazin: A tafkin Rusairis anga biyu na rasa, duk a cikin itatuwan da ruwa ya shanye. Wace iri ce ba ta maƙalewa?

Ɗana, babu. Tun da aka ƙara wa madatsar tsayi, aikin da aka gama a 2013, ruwa ya hau filaye masu itatuwa, kuma kowace anga ta sami reshe riƙe shi za ta yi. Kada ka kai mai tsada can. Yi ƙugiyar rodi, ka ɗaure sarƙar a gindinta, ka kwantar da ita a jikin sandar, ka ɗaure ta a zoben sama da siririn zare. In ta maƙale, matso da jirgi daidai kanta ka fizga, zaren zai tsinke, ta fito ta baya. Wannan dabarar ta rana ce, domin zaren kan iya tsinkewa da kansa in jirgi ya juya.

Idan ka gangara Shuɗin Nilu lokacin cikowa, a Agusta da Satumba, ta goshi kaɗai za ka ɗaure. Jirgin da aka ɗaure ta baya a ruwa mai gudu, ga nauyin inji a wurin, ruwa na hawa kansa kafin a kai ga kwance ƙulli. Igiyar ta zama ta nailan mai miƙewa, ba shuɗiyar roba mai yawo a saman ruwa wadda rana ke ƙonawa ba, kuma ka ajiye wuƙa mai kaifi inda hannunka zai kai.